Safa Marar 'Yar'uwa

Tabita ce ta zo da hoton a wayar uwarta.
"Kaka, irin wannan. Ja, mai farin baki.
Ba a sa ta a ƙafa, a ƙusa ake ratayewa,
daren Kirsimeti a cika ta da alewa.
Guda ɗaya kawai."
Na ce, guda ɗaya? Yarinya, kin zo gidanta.

Shekara talatin da ɗaya ina saƙa safa ɗai-ɗai.
Kakanki Ishaku ya bar Zuru da ƙafa biyu da kakin soja,
ya dawo da ɗaya, da sanda, da takardar fansho.
Duk wadda na saƙa ta hagu ce.
Safa dai ba ta san hagu da dama ba,
ni ce na sani.

Ulun kasuwa na roba ne, ba ya jin ruwan zafi.
Sai na buɗe akwati na ɗauko jar suwaitarsa,
ta ainihin gashin tunkiya, wadda asu ya ci a hammata.
Na lalubo bakin zaren a wuya, na ja.
Ta bi hannuna layi bayan layi, ba gardama,
abin da mai ita bai taɓa yi ba.
Zaren ya fito a lanƙwashe, bai manta inda ya kwana ba,
da sauran warin tabarsa a jiki.

Tsinke huɗu, ido sittin.
Na saƙa ta ƙatuwa da gangan,
har Balaraba ta leƙo ta kan katanga:
"Na'omi, giwa kika samu a coci ba takalmi?"
Na ce ki bari ta sha wanka tukuna.
Dunduniyar ce ta ba ni wuya.
Sau biyu ina warwarewa,
idona ba na da ba ne,
ga wuta sai ta ga dama take zuwa.

Ranar Alhamis na ɗora tukunya.
Ruwa mai tururi a baho, sabulun salo,
na tsoma ta, na cuɗa, na murza a tafin hannu
kamar mai cuɗa wa yaro baya.
Na fitar, na jefa a ruwan randa ta gigice,
na mayar cikin na zafi.
Tabita ta fashe da kuka: "Kin ɓata ta!"
Na ce zauna ki gani.

A zagaye na biyar ta fara tsukewa.
Idanun saƙar suka rufe ɗaya bayan ɗaya,
gashi ya kama gashi,
har na nemi layin da na yi kuskure ban gan shi ba.
Ta yi kauri kamar hular malam,
ta tsaya da kanta a kan turmi.

Abin da ban gaya wa yarinyar ba shi ne:
daga nan babu sauran warwarewa.
Suwaita takan koma zare,
zare ya koma abin da kake so,
amma wadda ta sha zafi da sanyi da murza
ba ta da bakin zare kuma.
Na san haka kafin in hura wutar.

Na cusa mata tsumma ta bushe a inuwar mangwaro,
kwana biyu, kaji na kallonta a kaikaice.
Ƙusa ɗaya ce a ɗakin,
wadda yake rataya hularsa.

Da dare na zuba gyaɗa, alewa uku, lemo guda,
da sabuwar ɗari biyu a ninke.
Na zura hannu in tura su can ƙasa,
sai na ji ɗumi a wajen yatsu.
Na san ulu ne kawai, haka yake yi.
Duk da haka na daɗe ban zare hannun ba,
har aka buga ƙararrawar farko.